Damin Baba Jatau

Shekaranjiya wata jikata ta kawo mini waya har kan tabarma, wai in ga abin dariya. Na sa tabarau na duba, sai ga tururuwa da jan ɗankwali tana jan buhu, ga gyare a kishingiɗe bisa ganye yana goga wani abu mai kama da goge. Tun kafin su buɗe baki na san inda zancen zai kwana. Na ce ta ɗauke abinta. Ta ce, "Kaka, ai darasi ne, a makaranta ma an koya mana." Na ce na sani, ni na fara kawo darasin nan garinmu, da ƙafata, a cikin aljihun riga, kuma har yau ban gama jin nauyinsa ba. Ta dube ni irin duban da yaran yanzu ke yi wa tsoho idan ya ɗauko zance daga nesa, ta ja wayarta ta koma wajen 'yan'uwanta. Ni kuwa ta riga ta tono mini abin da ya daɗe a binne.

A zamanin da nake magana, idan damina ta zauna a ƙauyenmu na kusa da Yako, ba sai ka leƙa waje ba za ka san gonar da ake aiki, kunnenka ne zai gaya maka. Hantsi bai gama ɗagawa ba za ka jiyo ganga daga wajen rafi ko daga tudun gabas, sai ihun samari ya biyo baya, sai guɗar 'yan mata masu kai fura, har kajin gida su tsaya da ƙafa ɗaya suna saurare. Gayya ke nan: mai gona ya sa rana, ya raba goro, matan gidansa su daka fura su tuƙa tuwo, samari su jeru da garemani a bakin gona, a yi wa ciyawa taron dangi. Mu yara, kafin mu isa riƙe garma, aikinmu ɗaukar tulun ruwa da gudu a bayan layi, muna tsince ɓerayen da aka tono muna cika aljihu. Yanzu kuwa in ka ratsa gonakin nan, mutum ɗaya za ka gani da tanki a baya da igiyar waya a kunne, yana tafe yana feshi, ciyawa ta mutu a tsaye ba wanda ya ko yi mata tsawa. Ban ce abin bai yi sauƙi ba. Bayana da ya sha sunkuyo shi zai fara ƙaryata ni. Amma dai gonaki sun yi shiru, irin shirun gidan da aka tashi.

Mai gangar nan shi ne Baba Jatau. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ganga ta sa ya karkace ta gefen hagu ko ba ya ɗauke da ita. Babu saurayin da bai san kirarinsa ba tun daga kan kakansa, kuma ya san wanda ake zugawa da wanda sai an tsokane shi kafin jininsa ya tashi. Gona ba shi da ita sai wani ɗan fili a bayan gida, domin lokacin da kowa ke noman tasa, shi yana bayan masu noman ta wani. Ranar gayya ba a ba shi komai sai fura da goro. Amma idan kaka ta yi, aka yanke dawa aka ɗaure, duk gidan da ya yi wa kiɗa sai ya zaɓi dami ɗaya mai kyau ya aika ƙofar Baba Jatau tun kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu. Ba a rubuta ba, ba wanda ya yi wa wani alkawari, haka muka tashi muka tarar. Da dammunan nan yake ci da iyalinsa har wata kakar.

Ni kuwa a lokacin na gama firamare a Kiru, an ba ni aikin koya wa manya karatun boko, irin na yaƙi da jahilci. Gemu bai fito mini ba amma ana kirana Malam, kuma na yarda da sunan fiye da yadda masu kiran suka yarda. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, ɗaya ne ke rubutu. Ban da allo da alli, dukiyata ita ce wani ɗan littafin Turanci da hedimasta ya ba ni, bangonsa ya yage, cike da labaran dabbobi na mutanen Girka na can da. Kowane labari gajere ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai layi ɗaya da aka rubuta a karkace, shi ke faɗin darasin. Abu na biyu da ke cikin kaina, wanda ya fi littafin zama, shi ne Ladi 'yar Malam Ilu. Ita ta yarda, iyayena sun yarda, saura mahaifinta, wanda bai ce a'a ba bai kuma ce i ba, domin Malam Ilu ko kalma ba ya son bayarwa a banza. Mutum ne da idan zai ɓare goro sai ya juya wa jama'a baya kamar mai gyara mazagi, kuma kajin gidansa a maƙwabta suke karin kumallo. Duk abin da zai sa mutumin nan ya dube ni da fara'a, a shirye nake in yi shi.

Ajinmu a gindin ɗorawar ƙofar mai unguwa yake, bayan sallar la'asar. Dattawa goma sha wani abu ne, har da Malam Ilu, wanda ya shiga don ya ji an ce alli da takarda kyauta ne, da wani Jauro Bello da ke tahowa daga ruga da sandarsa. Ba a daɗewa sai baƙaƙen su fara yi musu rawa a ido, a shiga hamma. Sai na ƙirƙiro dabarar rufe karatu da labari ɗaya daga littafin, ina fassarawa. Ranar farko aka tambaye ni ko Girka gaba take da Zariya. Na ce gaba sosai. Mai unguwa ya ce, to, wajen Ikko ke nan, na bar shi a haka don ni ma iyakata ke nan. A wurinmu tatsuniya aikin tsofaffin mata ce da yara, namiji mai iyali ba ya zama ya saurara, kuma ita tatsuniyarmu ta san girman kanta: idan ta ƙare sai mai yinta ta amsa da bakinta cewa ƙarya ce, kowa ya watse, darasin ya same ka daga baya in rabonka ne. Amma wannan ta fito daga cikin takarda, da rubutun inji, ga kuma layi a ƙasa yana yanke magana. Mutanen da duk takardar boko da suka taɓa gani ko ta alƙali ce ko ta haraji, sai suka ɗauka shari'o'i ne da aka taɓa yi a wata ƙasa aka rubuta hukuncinsu. Saboda haka ba sauraren labari suke zuwa ba, ɗaukaka ƙara suke zuwa yi.

Na karanta musu na karen da ya sato tsoka, ya ga inuwarsa a ruwa ya saki ta bakinsa. Ina gamawa sarkin fawa ya ce shi ba ruwansa da abin da kare ya koya, mahaucin da aka sace wa naman fa, me aka yi masa? Na karanta na dilan da ya kasa tsinko inabi ya ce ai mai tsami ne. Da yake ba wanda ya taɓa ganin inabi sai na mayar da shi kanya, mai unguwa kuwa ya ce dilan ya yi hankali, da so ake ya tsaya a gindin bishiya yana kuka jama'a na wucewa? Na kunkuru da zomo da suka yi tsere, wani tsohon maharbi ya ce shaidar zur ce, tun yana saurayi yake daji bai taɓa ganin zomon da ya yi barci a bakin hanya da rana ba, da ya gani da an sha romo. Na makiyayin yaron da ke ihun kura ta zo alhali ƙarya ne kuwa, Jauro Bello ya hana a tashi. Ya ce wa ya bar ɗan yaro shi kaɗai da garke tun safe ba abokin hira, uban za a kira. Aka yi ta yi har magariba, aka tashi an wanke yaro an kama uba. Ni dai ina tsaye da littafi ina cewa ai ba haka darasin ya ce ba, su kuwa suna ce mini in bari manya su gama magana.

Ana dab da yankan dawa ne ranar da tsautsayi ya kai ni shafin tururuwa da gyare. Baba Jatau ba ɗan aji ba ne, amma yakan zo ya zauna kusa da mai unguwa don hira, ranar ma yana nan yana gyaran tsarkiyar gangarsa. Na faɗi yadda tururuwa ta yi damina tana jan hatsi, gyare yana bisa reshe yana waƙa, da rani ya yi, sai yunwa ta kai shi ƙofarta, ita kuwa ta ce masa tunda waƙa ya yi da damina, yanzu sai ya tashi ya yi rawa. Sannan na fassara layin ƙasa, cewa wanda ya ƙarar da lokacin aiki a kan waƙa ba shi da haƙƙin cin abin da masu aiki suka tara.

Maharbin ne ya fara. "Tsaya tukuna. Gyare ka ce ko fara? In fara ce a bar ta ta mutu, ko a kawo ta a soya."

Na ce gyare ne.

Malam Ilu, wanda tun da aka buɗe ajin bai taɓa tambayar komai ba sai ko za a ba su guntun alli su tafi da shi gida, ya gyara zama ya ce, "Malam, maimaita mana layin nan na ƙasa."

Karo na farko ke nan da ya kira ni Malam. Na ji kaina ya yi girma har hula ta matse ni. Na maimaita, na ƙara gishiri, na sa murya irin ta mai wa'azi.

"To, jama'a, kun dai ji," in ji shi. "Ba ni na faɗa ba. A takarda yake, kuma waɗanda suka fi mu ilimi ne suka yanke."

Jauro Bello ya buga sandarsa a ƙasa. "Hoɗijam! Wannan tururuwa ba ta da tarbiyya. Mu a ruga, ko wanda ya zage ka ne ya zo da yunwa, ka fara miƙa masa ƙwaryar nono, in ya ƙoshi ku yi faɗan."

Wuri ya rabu biyu, kowa na magana ba mai jin wani. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni. "Kai ne mai littafi. Wa aka ba gaskiya?"

Na san inda maganar ta dosa, kada in yi wa kaina ƙarya da furfura in ce ban sani ba. Na ga Baba Jatau ya daina ɗaurin da yake yi. Na kuma ga Malam Ilu ya zuba mini ido. Na ce, "Tururuwa aka ba."

Baba Jatau ya yi murmushi. "Malam, in yi tambaya? Gyaren nan da ke wuni yana waƙa, wa yake yi wa? Ita tururuwar tana ji, ko toshe kunne take yi?"

Na duba shafin sama da ƙasa, na ce littafin bai faɗa ba.

"Ai kuwa," in ji shi. Ya rataya gangarsa, ya yi wa kowa sallama ya tafi.

Aka yanke dawa, Malam Ilu bai aika dami ba. Da shi kaɗai ne da abin bai kai ko'ina ba, don damin da yakan aika dama tsuntsaye sun riga sun yi masa rabin aiki. Ashe garin cike yake da masu hannu a dunƙule waɗanda gudun abin faɗa ne kawai ke buɗe musu shi, yanzu kuwa sun sami Bagirke da za su fake da shi. Wanda bai taɓa zuwa aji ba ma sai ka ji yana cewa ai an hana, a littafi yake. Ƙofar da dammuna kan taru har su rufe katanga, a shekarar ɗan akuya ma tsallake su yake yi. Mahaifina ya aika nasa, mai unguwa ya aika, Jauro Bello da ba a taɓa yi wa kiɗan noma ba ya ɗoro guda a kan jaki don haushi. Mahaifina bai doke ni ba, da ma ya doka. Ya dube ni muna cin tuwo ya ce, "Na ga fara ta ci gona, na ga tsuntsaye sun ci, amma wanda ya cinye abincin mutum na shekara guda bai ko tauna ba, a kanka na fara gani." Baba Jatau ya rataye ganga a zaure, ya yi rani yana saƙar zana yana kaiwa Kwanar Dangora a ka, matarsa ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. In na hango shi sai in sake hanya. Abin yana cina a rai sosai, amma kullum sai in lallashi kaina cewa ai ni karantawa kawai na yi.

Da ruwa ya sauka, shuka ta kai noman farko, sai Malam Ilu ya aiko wa mahaifina cewa ya amince, amma a cika al'ada: mai neman aure ya kawo gayya gonar suruki. Ya zaɓi babbar gonarsa ta bakin rafi, wadda harƙiya da tofa suka riƙe kamar sun gada. Sharaɗinsa shi ne a fara da hantsi a gama kafin kiran la'asar. In an gama a sa ranar biki bayan kaka, in ba a gama ba zance ya jira baɗi, domin a cewarsa wanda bai iya tara samari su yi masa gumi ba bai isa riƙe gida ba. Ko ta ina shi ne da riba: ko an nome masa gona, ko an nome mafi yawanta kuma mai yi masa daka ta ƙara shekara a gida. Na bi samari gida-gida da goro. Kowa ya karɓa ya jefa a baki, sannan ya tambaye ni wa zai kaɗa. Sun riga sun ga abin da ya faru a gayyar farko ta shekarar, a gonar ɗaya daga cikin masu hana dami. Da babu ganga sai aka aro rediyon mai unguwa aka rataye a reshen marke. Ya ɗan yi kiɗa aka sunkuya, can sai ya koma labarun duniya, samari suka dogara da garemani suna sauraren yaƙin da ake yi a wata ƙasa, aka yi gardama a kan wa zai ci, aka shanye fura, azahar na yi kowa ya kama gabansa.

Na je zance da yamma ina ta kame-kame. Ladi ta bar ni na gama, tana tsintar wake a faifai ko ɗago kai ba ta yi ba. Sannan ta ce, "Malam, a littafin naka babu labarin wanda ya cike rijiyar gidansu da ƙasa, sannan ƙishirwa ta kama shi?"

Na ce babu.

"To ka rubuta, ai ka san shi. Ka tashi ka je ka ba tsohon nan haƙuri. Ni ba zan ƙara shekara ina daka ba saboda tururuwar da ko garinsu ban sani ba."

Washegari da safe na zare birona duka uku na bar su a gida, na tafi. Na tarar da shi a ɗan filinsa na bayan gida yana noma, layukansa a karkace kamar sawun maciji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa duk gaisuwar bai rage ko ɗaya ba, ya tambayi mahaifina, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Girka.

"Baba, haƙuri na zo bayarwa."

"Haƙurin me? Ai taimakona ka yi. Ka ga yanzu ni ma tururuwa ne, ina tarawa." Ya nuna gonar da haɓa. "In Allah ya sa albarka, wannan za ta kai mu sati biyu."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Da na sami bakin faɗin abin da ya kawo ni, ya ce gonar wa, na ce ta Malam Ilu. Sai ya saki fartanya ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da tari. Da ya sarara ya ce, "Zan zo. Ba don kai ba, ba kuma don Ilu ba. Yarinyar nan ni na yi kiɗa ranar sunanta. Amma ba za ka tsaya a inuwa kana raba goro kamar sauran masu neman aure ba. Garma za ka riƙe, a tsakiyar layi."

Na amsa da sauri, don ban san abin da na amsa ba. Rabona da garma tun kafin in tafi Kiru.

Ranar gayya, da aka ji gangar ta sauko daga zaure, har waɗanda ban kai wa goro ba sai da suka zo. Aka raba gonar, kowa da layukansa daga wannan baki zuwa wancan, kuma ƙa'idar gayyarmu ita ce ba mai taɓa rabon wani, in ka bar naka a nan zai kwana da sunanka a kai. Baba Jatau ya buga ta farko, na ji ta a cikina kafin kunnena. Ya bi bayan layi yana ɗaukar samari ɗaya-ɗaya. Ya tsaya bayan wannan ya kira shi jikan wanda ya karya ƙota uku a wuni guda, sai ka ga yaro ya zabura ƙasa na tashi ta kan kafaɗarsa. Ya matsa ga na gaba ya ce wai ya ji 'yan mata na cewa ƙanensa ya fi shi, sai wannan ya yi kukan kura ya wuce kowa. Ina jin gangar tana matsowa, ta zo kan na damana, na gyara tsayuwa ina jira. Da ya iso bayana sai ya ɗaga makaɗi sama. Shiru. Ya yi taku uku a haka, ya isa bayan na haguna, ya ci gaba da kiɗa kamar ya tsallake kututture.

Haka ya yi mini a kowane zagaye. Ganga ɗaya ce, kowa na jin ta, amma wanda bai taɓa sunkuyawa a layi ba ba zai gane bambancin kiɗan da ake yi a gona da kiɗan da ake yi maka ba. Garmata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Kafin azahar tafin hannuna ya kumbura ya fashe. 'Yan mata suka kawo fura suna nuna wa juna wani koren zare da ya ratsa tsakiyar gonar, rabona ke nan. Aka yi sallah aka koma, samari suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya suna zubewa a inuwa, Baba Jatau ma ya ajiye ganga ya ɗauki ludayi. Gona ta yi baƙi daga farko har ƙarshe, sai layi biyu da rabi nawa a tsaye, ni kaɗai a cikin rana, gari guda na kallo. Malam Ilu ya zo ya tsaya a bakin gona, ya dubi rana, ya dubi inuwarsa, ya dube ni. Don daɗi ya ɓare goro a gaban jama'a ya manta bai juya baya ba.

Na san ba zan gama ba. Aurena nake gani yana komawa baɗi a kan layi biyu da rabi, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Ban ji tahowar Baba Jatau ba, sai dai na ji an buga a bayana, kusa, har rigata ta motsa. Ya kira ni da sunan da ban taɓa ji ba: jikan Mamman Ƙi-inuwa, wanda ya nome gonar makaho kafin ya taɓa tasa, wanda in ya shiga layi ba a tambayar ko za a gama. Kakana ke nan, da ya rasu kafin a haife ni, wanda ban san komai game da shi ba sai sunansa. Na haddace labaran mutanen Girka, ban san wannan ba. Yadda aka yi ban sani ba, garmar nan dai ta daina nauyi. Samari suka miƙe daga inuwa suna tafi, 'yan mata suka ɗauki guɗa, na jiyo muryar Ladi a sama da ta kowa, ta manta mahaifinta na wurin. Ina noma ina kuka, ina fatan a ɗauka gumi ne. Sarana na ƙarshe da kiran ladan, an daɗe ana gardamar wanne ya riga wani. Mai unguwa ya ce sara ne, Jauro Bello ya ɗaga sanda ya ce duk mai ja ya fito, ba wanda ya fito.

Kafin a watse, Baba Jatau ya yi wani ɗan gajeren take, bai ambaci suna ba, a kan wani mai rumbu huɗu da ɓerayen gidansa suka yi ƙaura don yunwa. Cikin kwana biyu yara suka iya shi. Da kaka ta yi, Malam Ilu ya aika dammuna biyu tun ba a gama ɗauri ba. Zan so in ce daga nan komai ya koma yadda yake, amma ba haka aka yi ba. Wasu sun dawo da bayarwa, wasu sun riga sun ɗanɗana daɗin riƙewa. 'Ya'yan Baba Jatau maza sun ga ranin nan da idonsu, babu wanda ya yarda ya gaji gangar. Ɗaya ya kama lodin mota a Kwanar Dangora, ɗaya ya tafi koyon ɗinki Tudun Wada. In ana zancen abin da ya kashe gayya a garinmu akan ce garmar shanu, a ce maganin feshi, a ce samari sun tafi birni. Duk gaskiya ne, amma ni na san wanda ya fara.

A kakar nan, biki saura kwanaki, na zaɓi damin da ya fi kowanne a gonar mahaifina, na hana a ɗora wa jaki, na ɗauka a ka na ratsa gari da rana tsaka. Na sauke a ƙofar Baba Jatau wuyana kamar zai karye. Ya zagaya damin, ya zaro zangarniya ya murza ya duba ƙwayar, sannan ya ce in zauna.

"Malam, mutumin nan na Girka mai labarin, me ne ne aikinsa? Alƙali ne?"

"A'a, Baba. A farkon littafin an ce bawa ne."

"Bawa?"

"Haka aka rubuta."

Ya jujjuya dawar a tafin hannu. Na zaci zaginsa zai yi, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai ya girgiza kai.

"Allah sarki. To ai ba laifinsa ba ne. Ya yi ta sunkuyo shi kaɗai, ba wanda ya taɓa tsayawa a bayansa ya kira masa sunan kakansa." Ya watsa wa kaji dawar, ya karkaɗe hannu. "Da a garin nan yake da na kaɗa masa, ko bai ba ni dami ba."